Allon Kakin Zuma

Ni ne Hilaru, mai riƙon fitila,
bawan da aka saya a kasuwar Akwileya
da kuɗin da bai kai na alfadari ba.
Shekara goma sha ɗaya ina tsaye bayan kujerarsa.
Ban iya karatu ba, har yau ban iya ba.

Bolusiyanu sunansa. Rum ce ta turo shi
ya tsare mata bakin kogin Danuba,
inda ruwa ke daskarewa har keken shanu ya haye.
Garuruwa tara ke ƙarƙashin zobensa,
amma gadonsa katako ne da buzu guda.

Da dare, in masu ƙara sun watse,
sai ya jawo allon kakin zuma
ya yi ta tsaga shi da tsinken ƙarfe,
leɓensa na motsi kamar mai yi wa yaro faɗa.
Na taɓa tambaya: Ranka ya daɗe, wa ake wa wasiƙa?
Ya ce: Wani mai taurin kai da muke kwana riga ɗaya.

Da asuba ya miƙo mini allon.
Kai bakin wuta, a shafe.
Haka kullum. Ni na narkar da hikimarsa
da hannun nan, ina hamma.

Ba waliyyi ba ne. Ranar da na ɓarar da mai a kan taswira
ya wurgo mini kofi, ga tabon nan a gira.
Washegari, a gaban masu gadi,
ya ce: Jiya fushi ya hau ni babu linzami.
Taswira ta ɓaci da kuskure, ni na ɓaci da gangan.
Ka yafe. Na rasa inda zan sa idona.

Shekarar annoba, itace ya ƙare wajen ƙona gawa.
A cikinta manzo ya iso, dokinsa na kumfa:
'yarsa Sekundina, mai shekara bakwai, ta tafi.
Na ga ya damƙe gefen tebur
har faratansa suka yi fari.
Fitila ta nemi mai, ban motsa ba.
Can ya ce: A ba dokin nan ruwa, ya sha wuya.
A shigo da na gaba.
Wata tsohuwa ce, soja ya ƙwace mata awaki biyu.
Ya saurare ta har ƙarshe.
Daren nan bai taɓa allo ba. Na ji shi.
Ba zan ce ban ji ba, tanti ba ya riƙe sirri.

Da manyan gari suka zo da batun gunkinsa na tagulla,
ya tambayi kuɗin, ya lissafa da yatsu,
ya ce: Tsuntsaye ba su rasa wurin kashi ba.
A gyara gada.

Zazzaɓi ya kayar da shi a farkon bazara.
Likitoci na raɗa, shi yana kallon rufi.
Ya ce da ni: Aron ɗaki aka ba ni, Hilaru,
mai ɗaki ya ƙwanƙwasa. Na share iyakar iyawata.
Rage lagwanin nan, mai na da tsada.

Yanzu ina sayar da man zaitun a bakin tashar jirage,
da takardar 'yanci mai hatiminsa.
An sassaƙa sunan wani a jikin gadar.
Shekaranjiya tuluna mafi girma ya fashe,
ribar wata uku ta bi magudana.
Na buɗe baki zan zagi jaki, da hanya, da ranar,
sai ƙamshin narkakken kaki ya zo mini daga wani shago.
Na rufe bakina.
Na duƙa ina tsince ɓaraguzan,
kada yaran unguwa su taka.